Tata da Amarya: Inda Za A Nemo Tarihin Matan Kudancin Kano

Duk ɗalibin da ya ɗauko littattafan tarihin ƙasar Kano yana neman abin da aka faɗa game da Bebeji, galibi abu uku zai tarar. Na farko, cewa Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ratsa garin a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya same shi babban gari mai ganuwa, cike da fatake. Na biyu, cewa a nan ne rundunar Turawa ta ci karo da turjiya a farkon Fabrairun 1903, 'yan kwanaki kafin ta fasa birnin Kano. Na uku kuwa, cewa a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, attajirin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a kan wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Labari uku ke nan, dukkansu kuwa na maza ne. Amma in aka tsaya aka dubi na ukun da idon basira, za a hangi mata biyu tsaye a bayansa, ɗaya ma sunanta ne ake ta kira dare da rana ba tare da an san ita ake kira ba.

Mahaifin Alhassan, watau Abdullahi, Ba'agale ne mai fataucin goro, ya kuwa rasu ɗan nasa yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita kanta 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Bayan rasuwar mijinta sai ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Wannan tsohuwa ita ta yi renon yaron har sunanta ya bi shi, aka riƙa ce masa ɗan Tata. Yau wannan suna yana jikin kamfanoni da gine-gine, yana cikin jaridu da littattafan tattalin arziki, amma abin da littattafan ke faɗa game da mai sunan bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Haka ita ma Amarya. Mace ce da ta bar ƙasar Kano a ƙarni na 19 ta kafa kanta a bakin teku, tafiyar watanni a ƙasa, amma a rubuce ba ta wuce “mahaifiyar wane” ba. Wane ayari ta bi? Wace haja ta riƙe? Mata nawa ne irinta a zangunan Gwanja? Waɗannan tambayoyi ne na tarihi sosai, ba su kuwa gaza tambayar ko sarki wane ya yi shekara nawa a gadon sarauta ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kukan da ɗalibai ke yi na cewa babu madogara a kan tarihin mata, musamman na karkara irin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuwa kasala ce. Gaskiya ne cewa babu wani littafi guda da za a miƙa wa mutum a ce ga tarihin matan kudancin Kano. Amma kayan haɗa littafin suna nan birjik, wasu a ɓoye cikin rubuce-rubucen da aka yi a kan maza, wasu a rajistar kotu, mafi yawa kuwa a bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na ƙasa, in ji Hausawa, sai ga wanda bai tona ba.

Sunaye huɗu da aka ɗora wa kaya

An saba, duk lokacin da aka shirya lacca ko muhawara a kan gudummawar mata, sai a jero sunaye huɗu: Daurama, Amina ta Zazzau, Nana Asma'u, Gambo Sawaba. Sai a tafa, a watse. Babu mai ja da girman waɗannan bayin Allah. Illar dai ita ce, an mai da su kamar wani shinge, da zarar an ambace su sai a ga ai an sauke nauyi. Alhali kuwa biyu daga cikinsu sarakuna ne, ɗaya 'yar Shehu ce, ɗaya kuwa 'yar siyasar birni ce. Yarinyar da ta taso a Kafin Maiyaki ko Ƙofa ko Riruwai, in aka ce mata waɗannan su ne kaɗai matan da suka yi abin a zo a gani, abin da za ta fahimta shi ne, ba a taɓa yin mace a garinsu ba.

Abin lura kuma shi ne, ita kanta Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ba haka ta ɗauki lamarin ba. A cikin waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka, bayan ta kawo matan Annabi da waliyyan mata na ƙasashen gabas, sai ta gangaro gida ta ambaci malamai mata na zamaninta da sunayensu, waɗanda ba don ita ba da yanzu babu wanda ya san an yi su. Tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa ta tura ta ƙauyuka, shi ma matan karkara ya nufa. Ashe ke nan wanda ya tsaya ga yabon Asma'u bai bi sawunta ba. Wanda ya koma garinsu ya rubuta sunayen malamai mata da suka karantar da yara a zaure ko a tsakar gida, shi ne ya yi irin aikinta. An yi sa'a ayyukanta suna hannu, domin Jean Boyd ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a kundi guda a 1997. Sakkwato ta sami masu yi mata hidima. Kudancin Kano ne ke jiran nasa.

Abin da ke kan kanta

Kafin a je ƙauye ya kamata a san abin da ke laburare, don kada a ɓata takalmi a kan abin da wani ya riga ya gama. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, yana da wata ɗabi'a da ba a cika kula da ita ba: kusan kowane sarki sai an faɗi sunan mahaifiyarsa. A ciki ne ake samun Madaki Auwa, matar Rumfa, mahaifiyar Sarki Abdullahi, kakar Kisoki, wadda ta kashe wutar tawayen Dagaci lokacin da ɗanta ya fita yaƙi. Heidi Nast ta bi wannan zare cikin littafinta na 2005, ta nuna yadda sa-ɗaka a Gidan Rumfa suka riƙe harkar hatsin sarki da rinin baba. Akwai kuma kundin da Catherine Coles da Mack suka shirya a 1991 a kan matan Hausawa a ƙarni na 20, da Alƙalami a Hannun Mata na 1983 mai ɗauke da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Duk waɗannan wajibi ne a karanta su. Sai dai mai karatu zai lura cewa akasarinsu fada da birni suka fuskanta.

Littafin da ya fi kusa da wannan yanki, a ƙasa da kuma a ruhi, shi ne labarin Baba mutuniyar Karo. Ita ma, abin mamaki, a 1877 aka haife ta, shekara ɗaya da Alhassan Ɗantata, ta kuwa tashi a wajejen Zarewa ta ƙasar Rogo, yamma da Ƙiru, a kan iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da Mary Smith a Giwa, tana faɗa ana rubutawa. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce, ba ta ma taɓa haihuwa ba. Amma daga bakinta aka ji yadda rinji yake a idon 'yar gidan masu bayi, da yadda mahara ke kama mata a je a fanso su, da yadda ake ƙulla ƙawance da biki, da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so ta shiga wani, da yadda ake riƙon ɗan wani har ya zama naka, da yadda zuwan Turawa ya kasance ga wadda ke cikin gida tana kaɗi. Babu wani kundin sarauta da zai ba da wannan. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Ingilishi a 1954, asalin Hausar da ta faɗa kuwa sai bayan shekara kusan arba'in aka buga shi. A nan akwai abin kunya kaɗan ga masu nazarin Hausa: maganar tsohuwar Bahaushiya ta zaga jami'o'in Ingila da Amurka shekara da shekaru kafin jikokin ƙawayenta su iya karanta ta da harshen da ta yi ta. Darasin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, abin da ya samar da littafin bai wuce mace ɗaya mai haƙurin sauraro, da tsohuwa ɗaya mai baki, da 'yan makonni ba. Babu ƙauyen da ba shi da irin Baba a ƙasar Ƙiru ko Tudun Wada.

Na biyu a kusanci shi ne abin da aka rubuta a kan ruwan Tiga. An gina madatsar a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane, sa'an nan aka ja ruwan zuwa filayen noman rani na wajejen Kadawa. Rahotannin gwamnati sun ƙidaya kadada da buhunan alkama. Amma a 1977 matan karkara da ke aikin lada a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu a wannan fili suka ajiye aiki suna neman ƙarin kuɗi, a 1978 kuwa Jackson ta buga maƙala a kan wannan yajin aiki nasu. A 1985 ta sake fitar da wani nazari inda ta kwatanta yadda aikin noman ranin ya shafi matan Musulmi da na Maguzawa, ta nuna ba iri ɗaya ya shafe su ba. To, ɗalibai nawa ne daga wannan yanki suka san cewa kakanninsu mata sun yi yajin aiki tun kafin a san da yawancin ƙungiyoyin mata na birni? Ƙungiyar WIN a 1982 aka kafa ta a Zariya, FOMWAN kuwa a 1985. Matan gona sun riga su da shekara biyar zuwa takwas, ba su da sakatariya, ba su da takardar bayan taro.

Karanta takardun maza a karkace

Akwai wata dabara da ya kamata kowane ɗalibi ya koya, watau karanta takarda don neman abin da marubucinta bai nufi faɗa ba. Rajistar kotu ita ce babban misali. Alƙali ba tarihin mata ya zauna rubutawa ba, amma kotu na daga cikin wurare ƙalilan da ake rubuta sunan talaka mace, da na garinta, da abin da ta faɗa da bakinta. Allan Christelow ya fassara wani sashe na shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga a 1994, a ciki kuwa ga mata nan suna neman gado, suna ƙarar wanda ya zalunce su, suna jayayya a kan 'yancinsu daga bauta. Ƙararrakin nan daga gundumomi suke zuwa, ba daga cikin ganuwa kaɗai ba. Rajistocin kotunan alƙalai na gundumomin kudu, duk inda suka tsira daga gara da ɗigar ruwa, taska ce da ta fi littafi goma.

Ga misalin abin da irin wannan bincike ke tonowa. A 1923, zamanin Sarki Usman, aka hana mata gadon gidaje da gonaki a ƙasar Kano, ba a kuwa janye wannan hani ba sai a 1954, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a Ungogo, ya bi diddigin lamarin a maƙalarsa ta 2003. Shekara 31 ke nan, tsawon tasowar zuriya guda, kuma Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada duk suna ƙarƙashin wannan hukunci. Duk macen da mahaifinta ya rasu a tsakanin nan, gonar da shari'a ta ba ta sai ta faɗa hannun 'yan'uwanta maza. Me ya faru bayan 1954? Su wa suka koma kotu suka nemi haƙƙinsu, su wa suka bari saboda zumunci? Wadda take 'yar shekara 14 a lokacin da aka janye hanin, yau ta haura 80. In ba a tambaye ta bana ba, baɗi sai dai a tambayi 'yarta abin da ta ji.

Haka nan takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, musamman rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta don tsaga haraji gunduma gunduma. Su kuɗi suke nema, saboda haka sai suka ƙidaya mutane da dabbobi da sana'o'i, a nan ne kuwa mata ke ɓullowa. A ɗauki sana'ar tufafi. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300. An yi rubutu mai yawa a kan marina da masaƙa da fataken da suka kai turkuɗi har Tambutu. Amma babu ƙyallen da ya shiga karofi sai da mace ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da taskira da alli ta mai da ita zare. Arzikin da Kano ta yi suna da shi a ƙarni na 19 a kan yatsun matan karkara ya tsaya, Colleen Kriger ma ta ja hankali ga wannan a 1993. Mai son ya ga girman aikin, ya sa wata tsohuwa ta kaɗa masa abawa ɗaya yana kallon agogo. Ana iya haɗa takardun Kaduna da abin da ke Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da kayan da ke Gidan Makama, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939.

Taskar da ke tafiya da ƙafa biyu

Duk da haka, takarda komai yawanta ba za ta wadatar ba, a nan ne kuwa ɗalibin Hausa ya fi ɗalibin tarihi makami. Shi aka koya wa sauraron waƙa da kirari da habaici da zaurance. Waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe da na reno da na gaɗa, ba don zaƙin karinsu kaɗai ya kamata a tara su ba. A cikinsu mata ke ajiye abin da ba sa iya faɗa a zaure: shekarar yunwa, da zaluncin wani mai karɓar haraji, da zuwan injin niƙa, da sunan wata attajira da ta yi tashe. An yi kundaye da dama a kan Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada, sun kuwa cancanta. Amma zabiyar ƙauye da ba ta taɓa shiga gidan rediyo ba, ita ce ke riƙe da sunayen matan garinta, domin aikinta ke nan, yabon wance 'yar wance.

Kayan ɗaki ma littafi ne. Daga jeren ƙore zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa kwalla da fanteka da langa, daga nan zuwa kabet da tangaran, kowane sauyi yana da lokacinsa da dalilinsa, kuma kowace tsohuwa tana iya faɗin da wace sana'a uwarta ta tara mata nata. A nan ake gane adashi da ƙuli-ƙuli da daddawa da man kaɗe, watau kasuwar nan ta cikin gida da Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969. Ga ungozoma, ga dillaliya, ga arwanka, ga magajiya, ga malamar da ke wa mata wankan gawa da karatun Ishiriniya. Waɗannan muƙamai ne, masu riƙe su kuwa suna da magabata, ana iya jero su kamar yadda ake jero sarakuna.

Wata matsala da za a ci karo da ita, wadda kuma ita kanta abin nazari ce, ita ce ta suna. Amarya laƙabi ne, haka Baba, haka Inna da Goggo da Uwani da Ta-Annabi. Alkunya takan rufe sunan yanka na mace har jikokinta su manta shi, aure kuma yakan ɗauke ta daga garin da aka san asalinta. Saboda haka mai bincike ya tambayi laƙabi da sunan yanka da sunan uba da garin haihuwa da dukkan garuruwan da aure ya kai ta. Taswirar auren mace ɗaya takan nuna alaƙar garuruwa fiye da taswirar hakimai.

In aka gangara Tudun Wada da Doguwa sai lamarin ya ƙara faɗi, domin can ba Hausawa Musulmi kaɗai ne ba. Akwai Maguzawa, waɗanda matansu ke noma gayaunarsu su mallaki rumbunsu, akwai Kurama, akwai Fulanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore, waɗanda matansu ke riƙe da cinikin nono. Yankin ya sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, kuma a irin wannan hari mata da yara ake kwashewa. Ga kuma Riruwai, inda ake narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoni suka kafa bariki. Littafin Bill Freund na 1981 a kan leburorin kuza ya fi karkata ga ƙasar Jos. Wa ke wankin kuza a rafi, wa ke dakon ƙasa a kwano, wa ke dafa wa leburori tuwo a bashi zuwa ranar biya? Duk wanda ya rubuta tarihin “matan Hausawa” da ma'aunin matan kulle na cikin birni, ya bar waɗannan a waje.

Za a ce ai maganar tsofaffi ba abin dogara ba ce, suna mantuwa, suna ƙari, ba sa riƙe shekara. Haka ne. Amma rahoton Baturen haraji ma ba wahayi ba ne, ta bakin tafinta ya ji, mutane kuwa suna ɓoye masa dukiya. Maganin duka biyun ɗaya ne, a gwada wannan da wancan. Tsohuwa ba za ta ce 1974 ba, amma za ta ce shekarar da ruwa ya ci garinsu tana goyon wane. Ba za ta ce 1973 ba, za ta ce shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ba za ta ce 1979 ba, za ta tuna ranar da ta fara bin layin ƙuri'a, tun da dokar da ta ba matan Arewa 'yancin zaɓe sai a 1976 ta zo. Za ta tuna shekarar da aka kwashi yara aka sa a makarantar UPE, da lokacin da Hukumar Yaƙi da Jahilci ta jiha, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta buɗe ajin matan aure. Aikin ɗalibi ne ya tanadi jerin irin waɗannan abubuwa na gunduma kafin ya fita, ya riƙa rataya labari a jikinsu.

Za a kuma ce namiji ba ya shiga gidan mutane. Wannan hujja ce ta a tura ɗalibai mata, ga su nan kuwa cike da azuzuwan Sashe, da yawansu 'yan waɗannan garuruwa ne. Abin takaici ne a ga 'yar Bebeji ta share shekararta ta ƙarshe tana nazarin jigo da salo a littafin da mutum ashirin suka riga suka nazarta, alhali kakarta na gida da labarin da babu shi a kowane laburare a duniya. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Batun da aka saba shi ya fi sauƙin dubawa, shi ya sa ake amincewa da shi da wuri, malamai masu duba kundi su ma sai su dubi wannan.

Abin da ake roƙon Sashe ba mai tsada ba ne. Mary Smith da alƙalami da takarda ta yi aikinta, masu bincike na shekarun 1970 da rikoda mai cin batir, yau kuwa wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa. A ware wa kowace shekara gunduma ɗaya, a ba kowane ɗalibi tsohuwa ɗaya ko sana'a ɗaya. A nemi izninta da na mutanen gidanta, abin da ta ce sirri ne a bar shi sirri, in ta so a sakaya sunanta a sakaya. A rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, da karin harshenta da kalmominta, kada a “gyara” mata Hausa, domin wanda ya goge kalmar tsohuwa ya sa ta kamus ya lalata shaida biyu, ta tarihi da ta harshe. A karɓi fassarar maƙalun Jackson da Pierce da Kriger zuwa Hausa a matsayin aikin kundi, bayan an nemi iznin masu su, don malaman makarantun 'yan mata na yankin su sami abin koyarwa. Sa'an nan kada a ba ɗalibi maki sai ya ajiye muryar da rubutun a ɗakin karatu na Sashe, kofe biyu a wuri biyu, da sunan gari da ranar da aka ɗauka, a kuma mai da kofe ɗaya gidan da aka ɗauko labarin. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace a mota, ɗalibi kuma da ya karɓi takardarsa ya tafi hidimar ƙasa ba a cika sake ganinsa ba.